Dokar bayyana farashin shanu a Amurka: ina masu kiwo suka tsaya?

Tambaya: Malam, na ji an ce a Amurka doka ta tilasta wa masu sayen shanu su faɗi nawa suka biya. Masu kiwo sun ji daɗin haka kuwa? Daga wani dillalin shanu a Potiskum.

Amsa: Alhaji, haka ne. An yi dokar a 1999, ta fara aiki a Afrilun 2001. Duk mahautar da ke yanka shanu 125,000 ko fiye a shekara, wajibi ne ta kai wa ma'aikatar noma rahoto sau biyu a rana, ƙarfe 10 na safe da 2 na rana: kai nawa ta saya, a nawa, nauyinsu, da irin cinikin da aka ƙulla. Masu kiwo ne suka matsa aka yi ta, domin da can ba da rahoton ganin dama ne, kuma yawancinsu ba sa so a soke ta.

Kukansu a wani wuri yake. Kamfanoni huɗu, Tyson, JBS, Cargill da National Beef, su ke yanka kusan kashi 85 cikin ɗari na shanun turke. Yawancin shanun nan ba a yi musu tayi, balle a ce albarka. Kwangila ake yi, a ɗora kuɗinta a kan farashin da cinikin gaba-da-gaba ya bayar a makon jiya. Shi kuwa wannan ciniki, wajen 2005 ya haura rabin shanun da ake saya, daga baya ya sauko kusan kashi ɗaya bisa biyar. Ke nan 'yan tsirarun shanu ke yanke wa sauran farashi, kuma a nan nake ganin ƙorafin yana da tushe.

Sai ƙa'idar sirri da ake kira 3/70/20. Ba a wallafa farashin yanki sai aƙalla kamfanoni uku suna ba da rahoto a kai a kai, babu wanda ya riƙe fiye da kashi 70 na bayanan, babu kuma wanda ya zama shi kaɗai ke bayarwa fiye da kashi 20 na lokacin. Shi ya sa mai kiwo a jihar Kolorado kan buɗe rahoton yankinsa ya tarar babu farashi.

Bayan gobarar mahautar Tyson a Holcomb, jihar Kansas, a Agustan 2019, nama ya yi tsada, shanu suka faɗi. A 2020 Sanata Chuck Grassley ya kawo ƙudurin tilasta sayen rabin shanun ta cinikin gaba-da-gaba, a yanka cikin kwana 14. Ƙungiyar masu kiwo ta R-CALF ta goyi baya, NCBA, wata ƙungiyar masu kiwon, ta ƙi tilastawar, ƙudurin bai zama doka ba.