Auna kitsen hanta da na'urar GC: daga ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a nan Kano, ina bincike a kan ɓeraye, wasu na ciyar da su man gyaɗa, wasu manja. Hantarsu tana firizar gidanmu a Gwale wata biyu ke nan. Yaya zan auna asid ɗin kitsen da ke cikinta da na'urar GC, wato mai rarrabe sinadarai bayan sun zama tururi?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, firizar nan ce ta fi tayar min da hankali. Wasu asid ɗin kitsen hanta, irin su waɗanda ake kira arakidonik da DHA, ba sa jure iska da zafi, kamar yadda mai ke sauya wari idan ya daɗe a buɗe. Duk sanda aka ɗauke wuta hantar ta narke, wani abu ya salwanta. Ƙa'ida ita ce a daskarar da ita nan take, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifiri. In ta sha narkewa, ki faɗa wa mai duba aikinki tun yanzu.

Na'urar ba ta karɓar tsoka. Ki auna ɗan yanki, ki niƙa cikin sinadarai masu narkar da kitse, kulorofom kashi 2 da metanol kashi 1, wato hanyar da masani Folch ya wallafa a 1957. Kina zuba ruwan gishiri za ki ga haɗin ya rabu biyu, kitsen yana a na ƙasa. Don Allah ki yi wannan a akwatin zuƙe hayaƙi, domin kulorofom kansa yana illata hanta. Kafin niƙan ki zuba adadin da kika auna na asid ɗin kitse mai ƙwayoyin kabon 17 ko 19. Da shi za ki gane abin da ya ɓace a hanya.

Sai a dafa kitsen da metanol mai asid, ya zama mai saurin tashi tururi. A cikin na'urar, iskar hiliyum ko haidurojin ta kora shi cikin siririn bututu mai tsawon mita 30 zuwa 100, kowane asid ya fito a lokacinsa, harshen wuta ya gano shi. Lokacin fitowar ne za ki gwada da na asid ɗin da aka riga aka tantance, don ki gane kowanne.

Kada ki zuba ido ga asid ɗin falmitik kaɗai don yana da yawa a manja, ai hanta tana ƙera nata. Asid ɗin linoleyik kuwa jiki ba ya iya yin sa, daga abinci yake zuwa, kuma man gyaɗa ya fi manja yawansa. Shi za ki fara dubawa.