Kafin ka goge waƙoƙinsa, ga abin da na gani

Ƙanena, ka tambaya ko ya kamata ka goge waƙoƙin mawaƙin da ake zargi da dukan mace, da kuma yadda masu sauraron hip-hop suke yi idan irin wannan ta taso. Na fi shekara 15 ina bin waƙar nan, har na taɓa zama a shagon tura waƙoƙi a waya, don haka zan faɗa maka abin da na gani, har da wanda ya fito daga bakina.

A watan Yulin 2020 aka harbi mawaƙiya Megan Thee Stallion a ƙafa a Los Angeles, daga baya ta fito ta ce mawaƙi Tory Lanez ne ya harbe ta. Ina cikin masu kare shi a lokacin. Ban binciki komai ba, muryarsa kawai nake so. Mukan zauna a ƙofar shago muna maimaita abin da masoyansa na Amurka ke yaɗawa a Twitter: wai suna take nema, wai ƙawarta ce ta harbe ta, wai ai da bakinta ta gaya wa 'yan sanda gilashi ta taka. Gaskiya ne ta faɗi haka a daren, amma ta bayyana dalili, tsoro ne ya sa, domin ba a fi wata biyu da 'yan sanda suka kashe George Floyd, wani baƙar fata, ba, ga bindiga a motar. Likitoci kuma sun ciro ɓurɓushin harsashi daga ƙafafunta. Wannan ɓangaren ba ma son jin sa.

Akwai ƙanwar wani abokina da take zuwa a tura mata waƙoƙi. Wata rana ta tarar muna dariya kan maganar, sai ta dube ni ta ce, "Yaya, ashe mace ko da harsashi a ƙafarta sai an ce ƙarya take yi?" Ta karɓi wayarta ta fita. Bayan watanni na ji cewa a daidai lokacin mijin yayarta yana jibgar yayar, dangi kuma sai haƙuri suke ba ta suna mayar da ita ɗakinta. A Disambar 2022 kotu ta sami Tory da laifi, a Agustan 2023 aka yanke masa shekara 10. Har yau akwai masoyansa da ke zagin matar.

Abin da na lura shi ne yawancin masoya ba sa karɓar maganar mace sai sun ga bidiyo. Mawaƙiya Cassie ta kai tsohon saurayinta, mawaƙi Diddy, ƙara kan duka da cin zarafi a Nuwambar 2023, washegari aka sasanta, nan take aka ce ai dama kuɗi take so. Sai a watan Mayun 2024 CNN ta fitar da hoton kyamarar wani otal na 2016, yana jan ta a ƙasa yana shurin ta. A nan ne bakin mutane ya mutu, shi ma ya fito ya nemi afuwa. Amma da aka wanke shi daga manyan tuhume-tuhumen a Yulin 2025, aka kama shi da guda biyu kawai, akwai waɗanda suka yi ta murna a ƙofar kotu kamar ba su kalli bidiyon ba.

Zan yi wa masoyan adalci a wuri ɗaya. Baƙar fata a Amurka suna da dalilin rashin yarda da kotu. Yara biyar da aka kama a New York a 1989 kan zargin fyaɗe sai a 2002 aka wanke su. Mutumin da ya taso da irin wannan tarihi, da ya ji an kama gwaninsa, abin da zai fara faɗo masa shi ne ana son a durƙusar da baƙin da ya yi arziki. Na fahimci wannan sosai. Sai dai matan da ake duka su ma yawancinsu baƙar fata ne, kuma su ne suka fara ɗaga murya. Mata biyu baƙar fata a Atlanta suka fara gangamin a daina sa waƙoƙin R. Kelly a 2017 saboda zargin lalata da 'yan mata, mutumin da ya auri mawaƙiya Aaliyah a 1994 tana shekara 15, aka kuma wanke shi a wata shari'a a 2008. Sai a 2022 aka yanke masa shekara 30. Kamfanoni kuwa kada ka jira su. Manhajar sauraron waƙa ta Spotify ta cire shi da wani mawaƙi, XXXTentacion, daga jerin waƙoƙin da take tallatawa a Mayun 2018, da manyan harkar suka yi ca a kanta, cikin makonni ta janye dokar.

Ni dai ga yadda nake yi yanzu. Idan zargi ne kawai, ba na rantsuwa cewa ya aikata, amma ba na buɗe baki a kan matar, ba na tura abin da ake yi mata ba'a da shi, kuma idan aka fara a gabana nakan ce a bari. Idan hujja ta fito ko kotu ta yanke, nakan goge, don ba na iya jin muryar ban tuna abin ba. Wasu abokaina suna raba waƙa da mai waƙa, ban hana su ba, abin da suke ji a kunnensu nasu ne. Inda muke saɓawa shi ne lokacin da suka fara kiran matar maƙaryaciya don su ji daɗin ci gaba da sauraro.

Ranar da aka yanke wa Tory hukunci na nemi lambar yarinyar nan wurin yayanta, na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta kuma gaya mini yayarta ta samu takardarta, tana gida.