Amsa ga ɗan'uwan da bacci ya gagara har ya fara shan giya

Salamu alaikum 'yan grup. Admin ya saka tambayar wani bawan Allah da ya ce a ɓoye sunanshi, ɗan shekara 34, wai tunda aikinshi ya tsaya bacci ya ƙaurace mashi, wani abokinshi ya nuna mashi ɗan kurɓa giya da daddare don ya samu ya runtsa, yanzu wata takwas kenan ga faɗuwar gaba ga ciwon kai ga ƙirji na zafi, ya sha maganin maleriya da taifod har ya gaji, shine yake tambaya ko akwai maganin bacci mai ƙarfi da zai siya a kemis, ko kuwa jifanshi aka yi. Na ga masu wa'azi sun yi nasu a ƙasa, Allah ya saka da alheri, shi ma ai ya faɗa da bakinshi ya san haramun ne. Ni ba malami ba ne ba kuma likita ba, tela ne, amma hanyar nan na bi ta shekara kusan huɗu, don haka a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ƙanena, zan ce maka ƙanena don na ba ka shekara goma da ɗoriya. Nawa ya fara ne da kwangilar ɗinkin yunifom, na ci bashin yadi wajen 'yan kasuwa na ɗinka na kai, wanda ya kawo min aikin ya karɓi kuɗi ya yi ɓatan dabo. Daga nan sai in kwanta lafiya lau, ƙarfe biyu ko uku na dare ido ya buɗe tar, in ta lissafin wa nake bi wa ke bina har a kira assalatu. Abin dariya shagona a Kasuwar Bacci ta nan Kaduna yake, yaran shago har tsokanata suke wai oga kai da ke Kasuwar Bacci kai ne baka bacci. Wani da muke hira da shi ya ja ni muka haye gada can wajen Sabon Tasha inda ba wanda ya san fuskata, ya ce kwalba ɗaya kawai. Wallahi ranar na yi bacci kaman gawa, da safe na ce ashe ga magani. Ɗaya ta koma uku, da kuɗi suka yi wuya na koma 'yar leda mai zafin nan da ake sakawa a aljihun kaftani, in tauna kanumfari kafin in shiga gida.

Abin da ban sani ba lokacin, sai daga baya likita ta zaunar da ni ta min bayani, shine wancan ba bacci ba ne na gaskiya, kusan dokewa ce. Giya na sa ka yi saurin ɓingirewa, eh, amma tana danne baccin nan da ake mafarki a cikinshi, wanda ƙwaƙwalwa ke buƙata. Bayan awa uku ko huɗu hanta ta gama ƙone mafi yawanta sai ƙwaƙwalwa ta zabura, shi ya sa kake farkawa tsakar dare da gumi da bugun zuciya, ga fitsari da take sa ka tashi sau biyu sau uku. Tana kuma sakin naman maƙogwaro, matata ta sha tashina wai minsharina ya canza, wai numfashina na ɗaukewa sai in yi firgigit kaman an shaƙe ni. Babba na buƙatar aƙalla awa 7, ni ko huɗu masu kyau bana samu. Da safe kuma ga keke na jirana, sai goro, sai Nescafe wajen mai shayi, da rana in ƙara da lemon ƙarfin nan na gwangwani, kuma sinadarin da ke cikinsu sai ya yi wajen awa biyar kafin rabinshi ya bar jiki, wato goron la'asar yana nan tare da kai a kan katifa. Da dare in sha abin da zai kwantar da ni, da safe in sha abin da zai tashe ni, haka na mai da jikina kaman jenareton da ba a kashewa.

Jikin kuwa ya amsa. Ciwon kai ta ƙeya, ƙwannafi, ciki na ci kaman an zuba barkono, tafin ƙafa na min tsira-tsira da dare, ga saurin fushi, yaro ya karya min allura sai in hau shi da zagi kaman ya ƙona shagon. Har harkar iyali ta yi sanyi, wannan maza basa faɗa amma giya da damuwa duka biyun suna kawo shi. Duk sati biyu ina kemis, maleriya da taifod, maleriya da taifod. Ciwon bayan zaman keke kuma ina haɗa mashi diclofenac, ashe shi da giya taron dangi suke wa ciki, har sai da na ga bayan gidana ya koma baƙi kaman kwalta, wanda alamar jini ne daga ciki. In ka taɓa ganin haka ko ka yi aman jini kar ka jira gari ya waye. Shi ma parasitamol da muka raina, in ana banka shi da yawa a kan giya hanta ce ke shan wahala.

To ga inda nake so ka saurare ni da kyau. Likita uku na gani a tsakanin nan, kowanne sai ya tambaye ni kana shan wani abu? sai in ce a'uzubillahi likita, ni? Da carbina a hannu. Su kuma su rubuta maganin olsa da na hawan jini in tafi, jinina ranar farko 170 bisa 105 alhali daga 140 bisa 90 ake cewa ya hau, a ba ni ƙwaya in sha da safe da dare in je in rushe aikinta. Ba laifinsu ba ne, likita ba boka ba ne, abin da ka ba shi da shi zai yi aiki. Kunyar minti biyu ta ja min shekaru ina kashe kuɗin da ba ni da su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma su sun ji abin da ya fi naka sau dubu, sirrin mara lafiya kuma amana ce a aikinsu.

Yadda asirina ya tonu ma ba ni na zaɓa ba. Azumi ya kama na ce shikenan na tuba, na yanke lokaci ɗaya. Ranar farko hannu na rawa ko zare na kasa zurawa a allura. Dare na uku na fara ganin abubuwa na tafiya a bango, gumi sharkaf, ina surutai, gida aka ce aljanu aka kira mai ruƙiya. Wata maƙwabciyarmu nas ce ta shigo ta dube ni, ta ja matata gefe ta mata tambaya ɗaya, ta ce a sa ni a Keke Napep yanzu yanzu. Don haka dan Allah masu ce mashi ka daina yau ɗin nan, niyyarku mai kyau ce amma ku sani wanda jikinshi ya saba sha kullum in ya yanke kwatsam karkarwa na iya farawa cikin awa 6 zuwa 24, wasu su yi jijjiga kaman farfaɗiya, ruɗewar nan mai tsanani kuma ta fi zuwa a kwana na biyu zuwa na uku kuma tana kisa. Ba cewa nake ka ci gaba ba. Cewa nake ka daina a hannun likita, akwai maganin da suke bayarwa na 'yan kwanaki suna ragewa a hankali, da bitamin B1 saboda jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. In kana tashi da safe hannu na rawa sai ka ɗan kurɓa ya tsaya, to ka kai wannan matakin.

An min gwajin hanta da sikanin aka ga kitse ya fara taruwa, likita ta ce na yi sa'a wannan matakin yana komawa in an daina, wanda baya komawa shine in hantar ta ƙanƙance ta yi tabo. Ta sa aka duba min ciwon hanta nau'in B, don a Najeriya wajen mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da shi da yawa basu sani ba, in ya haɗu da giya kuwa lalacewar na sauri. Alhamdulillahi ba ni da shi, aka min rigakafi. Kai ma ka roƙa a maka, da na suga.

Sai maganar damuwar kanta, wadda ita ce uwar tafiyar. Ni a tunanina raunin imani ne kawai. Da aka tura ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa sai da na yi sati biyu ina ja da baya, ka san mu a garin nan in aka ce an kai wane Barnawa to an gama magana. Da na je sai na tarar da mutane ne irina a kan benci, 'yan kasuwa, ma'aikata, matan aure, ɗalibai. Aka tambaye ni ko na daina jin daɗin abin da da nake so, ko ina farkawa da wuri in kasa komawa, ko abinci ya fita raina, ko ina ganin ba ni da amfani, kuma ko abin ya wuce sati biyu. Ni da na shekara nawa. Ashe ciwo ne mai suna mai magani, kuma ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, mutum in yana cikin fargaba kullum jiki na ta zubo sinadaran tashin hankali, zuciya na gudu, jini na hawa, suga na hawa, ciki na rikicewa. Giya kuma da kanta tana ƙara jefa mutum cikin baƙin ciki washegari, rashin bacci ya ƙara, kaman duwatsun murhu uku ne jikinka ne tukunyar da ke kai. Maganin da suka ba ni sai da ya yi wajen wata ɗaya kafin na ji canji, sun faɗa min tun farko kar in yar da shi a sati na farko. Tun 2023 ma akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu wadda ta maye tsohuwar ta 1958, tana kare haƙƙin mara lafiya. Kuma ƙanena in har tunanin gara ka mutu ka huta ya taɓa zuwa maka, ni ya zo min, kar ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a ranar ku tafi asibiti tare.

Maganin baccin da ka tambaya kuwa, a'a. Su diazepam da 'yan uwanshi da yara ke kira D5, in suka haɗu da giya numfashi suke dannewa, mutum ya kwanta bai tashi ba, kuma su ma kama jiki suke cikin 'yan makonni. Mun ga yadda kodin ya yi da matasanmu har gwamnati ta hana maganin tarin da ke ɗauke da shi a 2018. Kar ka fita daga rami ka faɗa rijiya.

Maganar jifa, ni dai ban bar azkar ba ban bar addu'a ba, amma abin da ka lissafa kaf na gani a jikina kuma wanda ya jefe ni a aljihuna yake cikin leda.

Baccina bai dawo da wuri ba gaskiya, sai da na yi kusan wata biyu ina juyi bayan na daina, nan ne mutane da yawa ke komawa. Ni ma na zame sau ɗaya lokacin ɗinkin Sallah, na koma na faɗa wa likita ba ta zage ni ba. Abin da ya taimake ni, in na tashi asuba bana komawa ko daren ya yi muni, ƙailula bata wuce rabin awa, goro da shayi mai ƙarfi daga azahar na rufe, waya na caji a falo ba a gefen filo ba, in na kwanta baccin ya ƙi sai in tashi in zauna a tabarma ba fitila mai haske har ya zo. Da yamma ina takawa da ƙafa daga kasuwa zuwa gida maimakon hawa mashin. Bashin kuma na daina lissafinshi da dare, na je na samu masu yadin ɗaya bayan ɗaya muka yanka abin da zan dinga biya duk wata, biyu sun min faɗa sosai ɗaya ya yafe rabi, tun ranar nauyin ƙirjina ya ragu. Yanzu ƙwayar hawan jini ɗaya nake sha, jinin na zama wajen 130 bisa 80.

Gobe ka je asibitin gwamnati mafi kusa da kai a auna jininka, ka faɗi abin da kake sha da yawanshi da tun yaushe, kar ka rage ko kwalba ɗaya. In bakinka ba zai iya ba ka rubuta a takarda ka miƙa, ni a bayan takardar awon wani kwastoma na rubuta nawa. In kuma kana so a raka ka, ka faɗa wa admin ya haɗa mu, ba sai na san sunanka na gaskiya ba, safiyar Talata yawanci ba ni da aiki sosai sai dai in Sallah ta matso.