Ɗana yana in'ina, kakarsa ta ce a kai shi wajen wanzami

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 6, in'ina ta fara masa tun yana ɗan shekara 3. Yanzu yara na kwaikwayonsa a makaranta har ya daina ɗaga hannu a aji, ko shago na aike shi sai ya ce in rubuta a takarda. Kakarsa ta dage wai linzami ne, a kai wa wanzami ya yanke. Ya zan yi?

Amsa: Maman yaro don Allah kar ki kai shi. Wallahi na gaji da maganar nan, kullum sai an kawo min yaro an yanke masa ƙarƙashin harshe ko an cire masa beli, in'inar na nan daram, ga jini ya zuba, ga askar da ba a san bakin yara nawa ta shiga ba, alhali ta nan ake kwasar ciwon hanta da tetanus. In'ina ba a harshe take ba! Daga ƙwaƙwalwa ne, wajen tsara fitar magana, kuma sau da yawa gado ce, bincika dangi za ki ji labari. Ki saurare shi in suna waƙa ko karatun allo tare da yara, ai ba ya sarƙewa, to in linzami ne ya ɗaure harshen wa yake kwance shi lokacin karatu? Ki tambayi Hajiya wannan, cikin ladabi dai.

Kusan yara 5 cikin 100 suna yin ta, yawancinsu takan tafi da kanta, amma naki shekara 3 ke nan, a daina jira. Ki je asibitin koyarwa, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ki ce a haɗa ki da mai gyaran magana.

Ni takardar shagon nan ta fi damuna, tsoro ya fara shigarsa. In yana magana ki ajiye waya ki kalle shi har ya gama, kar ki ƙarasa masa, kuma a daina masa "nutsu mana" da tsawa, ƙara ta suke. Ki ba shi labarin Annabi Musa (AS) da addu'arsa a Suratu Ɗaha ta a kwance masa ƙullin harshe, yara na jin daɗinsa sosai. Shagon kuma ku je tare, abu ɗaya tak zai faɗa da bakinsa. Malamin ajinsu ki same shi cikin satin nan, shi zai iya tsawatar wa masu kwaikwayon.