Tambaya da Amsa: Koya wa Yara Neman Hanya da Taswira a Filin Ƙauye

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Jahun a Jihar Jigawa, ina koyar da 'yan aji huɗu zuwa shida. Na ji labarin wani wasa da ake yi wa yara a ƙasashen waje, inda ake ba su taswira da kamfas, wato 'yar na'urar da allurarta ke nuna arewa, su nemo alamomin da aka ajiye a lambun shaƙatawa. Mu nan ba mu da irin wannan lambu, ba mu da taswirar garinmu, kamfas kuwa sau ɗaya na taɓa riƙe shi, tun ina kwalejin horon malamai. Abin da muke da shi filin makaranta ne da filin idi da ke bayansa. Shin wasan zai yiwu a wurinmu, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa aikinka albarka. Wasan da ka ji labarinsa, wanda ake kira orienteering da Turanci, ya samo asali ne daga horon sojojin Suwidin a ƙarshen ƙarni na 19, an yi gasarsa ta farko ta farar hula a Norwe a 1897, kuma tun 1961 yake da hukumar da ke kula da shi a duniya. A gasa ta sosai ana rataye tutoci masu launin fari da ruwan goro a wuraren da aka yi wa alama a taswira, ɗan wasa ya zaɓi hanyar da yake ganin ta fi masa, ya ziyarce su bi da bi. Zai yiwu a wurinku ƙwarai, filin idi kuma ya wadatar.

Yaranka ma suna da wani abu da yaran birni ba su da shi. Yaron da ke kai tumaki kiwo da yarinyar da ke kai abinci gona sun san ƙasar garinku da tafin ƙafarsu, kuma idan ka tambaye su hanya za su ce maka ka bi burtali, in ka kai kukar nan mai kogo ka karya hagu, rijiyar tana bayan suri. Wannan shi ne rabin aikin. Abin da ya rage musu shi ne su iya ganin wurin daga sama kamar yadda shirwa take ganinsa, su kuma yarda cewa ɗan da'irar da ke kan takarda ita ce kukar da suka sani. Saboda haka shawarata ita ce ka bar zancen kamfas sai daga ƙarshe, ka fara da ƙasa.

Ka tara su a gindin darbejiya, a share wuri kamar faɗin tabarma, ka ce su gina makarantarsu a ƙasa. Kwalin ashana ya zama aji, murfin kwalba ya zama rijiya ko famfo, ganye ya zama bishiya, a ja hanya da tsinke. Za a yi gardama, wani zai ce ofishin hedimasta ya fi kusa da tsamiya, wata ta ce ƙarya ne, to ka bar su su je su duba su dawo su gyara, domin gardamar ita ce darasin. Idan ginin ya kammala sai kowa ya miƙe tsaye ya leƙa shi daga sama ya zana abin da ya gani a littafinsa. A nan za ka ga yawancinsu sun zana bishiya da gindinta da rassanta, sun zana aji da ƙofa da taga, wato sun zana abin da ido yake gani daga gefe. Ka tambaye su yadda rumbu yake idan tsuntsu ya dube shi daga sama, har wani ya ce da'ira ne. Daga nan sai ajin ya tsayar da alamominsa: da'ira ga bishiya, murabba'i ga ɗaki, ɗigo-ɗigo ga shinge, kuma kowa ya bi su.

Sai batun awo. Ka ari tef ɗin tela ka auna igiya mai tsawon mita 10, ku shimfiɗa ta sau goma a filin idi ku kafa turke a farko da ƙarshe. Kowane yaro ya taka wannan mita 100 da tafiyarsa ta kullum har sau uku, yana ƙirga saukar ƙafar dama kawai, ya rubuta adadin da ya fi maimaituwa a bangon littafinsa. Da wannan adadi za su auna nisan da ke tsakanin masallaci da tsamiya, ko tsakanin aji da famfo. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne santimita 1 a takarda ta tsaya a madadin mita 10 a ƙasa, wanda ake rubutawa 1:1,000, kuma da shi farar takarda guda ta A4 za ta ɗauki fili mai kusan mita 200 a faɗi da mita 300 a tsawo. Idan wani a garin yana da babbar waya, hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps zai taimake ka ka gyara zanen, amma ka bari yara su gama nasu tukuna. Taswirar da ta fi kyau ita za ka kai a yi mata kwafi ranar kasuwa.

Akwai ɗabi'a guda da nake roƙonka ka nace a kanta fiye da komai, ita ce daidaita takarda da ƙasa. Yaro yakan riƙe taswira yadda yake riƙe littafi, rubutu na kallonsa, ko da ya juya ya fuskanci wata nahiya, sai abin da ke damansa a ƙasa ya koma hagunsa a takarda, ya rikice. Ka koya masa cewa idan tsamiya tana gabansa, to alamar tsamiya ta kasance a gaban takardar, kuma idan zai juya, shi ne zai zagaya takardar, ita tana nan yadda take. Ya kuma ɗora babban yatsansa a inda yake tsaye, yana matsar da shi yayin da yake tafiya. Yaron da ya iya waɗannan biyun ya iya wasan.

Wasan farko ni ina kiransa je-ka-ka-dawo. Kai za ka zauna a tsakiyar fili, ka ba yara biyu taswira mai alamar wuri guda, su je su nemo shi su dawo su karɓi wata. Amfaninsa shi ne kana ganin kowa, kuma wanda ya ɓata za ka gyara masa nan take. Maimakon tuta, ka yi amfani da gwangwanin tumatir da aka shafa wa fenti, ka ɗaure shi da waya a jikin bishiya ko shinge, ka rubuta harafi guda a gindinsa. Na taɓa rataye takardu takwas a wani fili da sassafe, kafin yara su fito akuyoyin gari sun cinye uku, shi ya sa nake cewa gwangwani. Haruffan da suka tattaro su ne shaidar cewa sun isa wurin, kuma idan ka zaɓe su yadda za su haɗa kalma, misali TSAMIYA a gwangwani bakwai, sai wasan ya ƙare da wasa ƙwaƙwalwa. Gwangwanin kada a binne shi ko a cusa shi cikin ciyawa. Wanda ya karanta taswira daidai ya isa wurin ya kamata ya gan shi ba tare da lalube ba, in ba haka ba wasan ya koma sa'a.

Bayan mako biyu ko uku sai ka shigo da wasan maki. Ka rataye gwangwani goma sha biyu, na kusa maki 1, na nesa ko na wuri mai wuyar ganewa maki 3 ko 5, ka ba su minti 30, kowane rukuni ya zaɓi waɗanda zai nema da tsarin da zai bi, kuma duk mintin da aka makara a cire maki. Wannan na fi so, domin a nan ne yarinyar da ta tsaya minti biyu tana nazarin takarda takan kayar da sarkin gudun aji. Matsalarsa ita ce bin sawu, yaro ya naɗe taswira ya bi bayan wanda yake ganin ya iya. Maganin shi ne a sallami rukuni-rukuni da tazarar minti biyu, ko a tilasta wa kowane rukuni wurin farawa dabam.

Yanzu ga batun nahiyoyi, inda nake son ka yi hattara. Mu Hausawa idan muka ce mutum ya fuskanci gabas, sau da yawa alƙibla muke nufi, yaranka kuma da haka suka tashi. To alƙibla a yankin Kano da Jigawa tana wajen digiri 68 ne daga arewa, alhali gabas ta taswira digiri 90 ce, wato alƙibla ta karkata zuwa arewa da kusan digiri 22. Idan yaro ya ɗauki fuskar masallaci a matsayin gabas ya yi tafiyar mita 100, zai kauce wa inda ya nufa da kusan mita 40. Mafitar rana ma ba ta tsaya wuri guda ba. Wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba ne take fitowa daga gabas sak, a watan Yuni takan karkata arewa da kusan digiri 24, a Disamba kuma ta karkata kudu da kwatankwacin haka. Manoma sun san wannan ko ba su ƙirga digiri ba. Haka nan ƙa'idar da wasu littattafan Turai suke kawowa, cewa inuwar tsakar rana tana nuna arewa, ba ta cika a wurinmu ba, saboda daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana kuma tana faɗuwa kudu.

Hanyar da za ta yi maka aiki a kowane lokaci ita ce ta sanda. A kafa sanda tsaye a wuri mai laushi kafin azahar, a ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta, a jira minti 20 ko fiye, a sake ajiye wata a inda ƙarshen inuwar ya koma. Tsakuwar farko tana wajen yamma, ta biyu tana wajen gabas, kuma yaron da ya ɗora ƙafar hagu a ta farko da ƙafar dama a ta biyu yana fuskantar arewa ne, da ɗan kuskure kaɗan. Kamfas ɗin ma za ku iya haɗa shi da kanku. A goga allura a jikin maganaɗisun tsohuwar lasifikar rediyo sau da yawa, ana goga ta fuska guda, a ɗora ta a kan ɗan ganye a cikin ƙwarya mai ruwa, za ta juya a hankali ta tsaya, kai ɗaya yana nuna arewa, ɗayan yana nuna kudu. A nisanta ta da kwanon rufi da famfon ƙarfe da wayar hannu, don ƙarfe yana janta. Idan ka samo arewa, ka zana kibiya a saman taswirarku.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa ƙarshen hunturu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, zafin bazara kuma bai sauka ba. Ka sanar da mai unguwa da iyaye tun da wuri, ka zagaya filin da kanka ka ware tsohuwar rijiya da kududdufi da makabarta da titin mota, ka ja musu jan layi a taswira. Kada yaro ya tafi shi kaɗai ko ba takalmi, kada kuma a sa hannu a kogon bishiya ko ramin suri saboda maciji da kunama. Ka samu usur, kowa ya san cewa busa uku na nufin a dawo nan take.

Tambaya: Ni malamar Islamiyya ce a wani ƙauye kusa da Rano a Jihar Kano. Ɗalibaina 'yan shekara biyar zuwa bakwai ne, yawancinsu mata, kuma iyayensu ba za su yarda su fita fili ba. Akwai irin wannan wasa da za mu yi a cikin gida?

Amsa: Akwai, Malama, tsakar gida ma ta isa. Yara masu waɗannan shekaru ba su kai ga awo da ma'auni ba, don haka ki zana musu tsakar gidan a allo da abubuwa biyar ko shida da suka sani, kamar randa da turmi da murhu da ƙofar zaure, ki kwantar da allon a ƙasa yadda zanen zai yi daidai da gidan. Ki kife ƙananan kwanuka a wurare dabam-dabam, ki sa dabino ko gyaɗa a ƙarƙashin guda, ki nuna wurinsa a allo da yatsa ba tare da kin yi magana ba, yarinya ta je ta buɗe. Idan sun saba, sai wata ta ɓoye, ita kuma ta nuna wa 'yan'uwanta a allo, wanda ya fi nema wuya. Za ki iya kuma jan doguwar igiya ta zagaya gidan, ki ɗaura mata ƙyallaye masu haruffan da kike koya musu, su bi igiyar, duk harafin da suka tarar su dawo su nuna a zane inda suka gan shi. Randar da murhun dai a tabbata an rufe ɗaya an kashe ɗaya kafin a fara.