Wai Haraji Kaɗai Ya Jawo Yaƙin 'Yancin Amurka?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah wai da gaske ne haraji ya sa Amurkawa suka yaƙi Ingila? Ni dai abin ya min ƙanƙanta a ce an zub da jini a kansa.

AMSA: Yauwa 'yar uwa, ai ba yawan kuɗin ba ne ya ƙona musu rai, wanda ya ɗora harajin ne matsalar. Ingila ta gama yaƙi da Faransa a 1763 bashi ya mata katutu, sai majalisar Landan ta ce to mazauna yankunanta na Amurka su ma su kawo nasu, a 1765 aka sa harajin sitam a kan jaridu da takardun kotu, har katin karta bai tsira ba wallahi. Su kuma suka ce ina, ba mu da wakili ko ɗaya a majalisar nan, da wane dalili za ta taɓa aljihunmu? Aka soke a 1766, aka sake dawowa da wani a kan gilashi da fenti da shayi. A Disambar 1773 mutanen Boston suka antaya akwatin shayi 342 a teku, Ingila ta fusata ta rufe tashar jirgin ruwan garin. Daga nan fa magana ta wuce ta kuɗi, Afrilun 1775 aka fara harbe-harbe a garin Lexington kusa da Boston, 4 ga Yulin 1776 yankuna 13 suka ayyana 'yancin kai.