Tambaya da Amsa: Bututun Kabon da Gwajin Jini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun gwaje-gwajen asibiti, na kuma ji ana cewa da siririn bututun kabon, wato nanotub, ana iya gano cuta a ɗigon jini. Yaya ake haɗa na'urar? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Bututun nan shimfiɗar ƙwayoyin kabon ce da aka naɗe kamar tabarma. Sumio Iijima na kamfanin NEC a Japan ne ya fito da bayanin mai bango da yawa a 1991, mai bango ɗaya kuma ya biyo baya a 1993. Faɗin mai bango ɗaya nanomita 1 zuwa 2 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Duk ƙwayoyinsa a waje suke, shi ya sa ko ɗan abu kaɗan ya manne masa, sai ƙarfin lantarkin da ke bi ta cikinsa ya sauya.

Ana samun allon silikon mai lulluɓin oksaid, a ɗora masa 'yan sandunan zinare biyu, a shimfiɗa bututun tsakaninsu. Ya zama tiransisto ke nan, wato 'yar na'urar da ke sarrafa wucewar lantarki. Daga nan a jiƙa shi kamar awa ɗaya a sinadarin PBASE, wanda kansa ɗaya ke kwanciya a jikin bututun, ɗayan kuma ya kama furotin. A wanke, a zuba antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki da ke gane cutar, a ruwan gishiri mai pH (awon tsami) 7.4, a toshe guraben da suka rage da BSA (furotin na jinin shanu) ko Tween 20 (sinadari mai kama da sabulu). Kada a tsallake toshewar nan, in ba haka ba kowane furotin na jini zai manne, na'ura ta nuna cutar da babu ita. Wasu na dafa bututun a asid mai ƙarfi don antibodi ya kama da kyau. Yana kamawa, amma asid ɗin na huda bangon, lantarki ya ragu. Ga irin wannan na'ura, mun fi son hanyar PBASE.

Tambaya: To Malam, in har haka take, me ya sa ba ta cika asibitoci ba? Daga wani ma'aikacin lafiya.

Amsa: Gishirin jini ne babban cikas, ɗan'uwa. A ruwa mai gishiri irin na jini, ƙwayoyin gishirin kan taru su rufe cajin duk abin da ya wuce kimanin nanomita 0.7 daga jikin bututun. Antibodi kuwa tsawonsa ya kai nanomita 10 zuwa 15. Ashe ƙwayar da ake nema tana kamuwa ne can nesa, inda bututun ba ya jin ta. Idan aka tsinka ruwan gishirin sau 10, tazarar ta kai kusan nanomita 2.3, sau 100 kuma ta haura 7. Sai dai tsinkawar na rage yawan abin da ake nema, tana kuma iya raunana kamun antibodi. Mafitar da ta fi ita ce gajeren abin kamawa: guntun antibodi, ko aftama, wato gajeren zaren DNA, ko kuma a lulluɓe bututun da PEG, wani sinadari mai dogon zare. Don haka duk rahoton da ya yi alfahari da gano ɗan mitsitsin abu, fara duba ko a jini aka gwada ko a tsinkakken ruwa.

Akwai kuma matsalar ƙira. Kusan kashi ɗaya cikin uku na bututun da ake samarwa suna wuce da lantarki kamar ƙarfe, ba sa jin sauyin caji, dole a tace su. In ba a tace sosai ba, na'urori biyu daga allo ɗaya sai su ba da lamba daban, asibiti kuwa ba ya aiki da awon da ba ya maimaituwa.

Tambaya: Shin bututun kabon zai maye gurbin silikon a kwamfuta?

Amsa: Ba nan kusa ba. Jami'ar Stanford ta haɗa kwamfuta mai tiransisto 178 na bututun kabon a 2013, jami'ar MIT kuma ta fitar da mai fiye da 14,000 a 2019. Na silikon da ke cikin wayar hannu biliyoyi ne.